Bayan An Tashi Daga Aji: Jagorar Ayyukan Ƙarin Ilimi Ga 'Yan Manyan Ajujuwan Sakandare

Akwai tambayar da ke jiran duk ɗalibin da ya kusa kammala sakandare. Wani a takardar neman gurbin jami'a zai gamu da ita, wani a fom ɗin tallafin karatu, wani kuma sai ranar da ya zauna gaban masu ɗaukar aiki: ban da abin da aka koya maka a aji, me ka taɓa yi? Na sha ganin yara masu ƙwazo, waɗanda sakamakonsu ba ya da makusa, sun yi tsuru-tsuru a kan wannan tambaya. Na kuma ga waɗanda suka cika shafi guda da sunayen ƙungiyoyi, amma da aka ce su faɗi abu ɗaya da suka aikata a ciki, sai kame-kame. Duka biyun suna ba ni tausayi, domin da sun samu wanda ya nuna musu hanya da wuri, da ba haka ba.

Wannan jagora ta ɗalibi ce mai shekara 15 zuwa 18, namiji ko mace, ko da yake zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana. Iyaye da malamai ma za su tsinci nasu a ciki. Matsayina tun daga farko shi ne ka ɗauki abu biyu, in ya yi yawa uku, ka daɗe a kansu, ka kai aƙalla ɗaya inda zai haifar da abin da wani zai gani da idonsa ko ya amfana da shi.

Mataki na 1: Ƙirga lokacinka da alƙalami a hannu

Mako guda awa 168 ne. Ɗauki takarda ka fara cirewa. Barci ne farko, kuma kada ka yi masa rowa: ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa mai shekara 13 zuwa 18 ya riƙa samun barcin awa 8 zuwa 10 a kullum, wato awa 56 zuwa 70 a mako. Sai ka cire lokacin makaranta da na zuwa da dawowa, da bitar darasi, da ibada, da hidimar gida. Abin da ya rage shi ne jarinka.

Sau da yawa ragowar takan fi yadda ɗalibi yake zato. In kana da waya, buɗe wurin da take nuna awannin da ka shafe a kanta cikin mako, ka rubuta adadin a gefe ba tare da ka rage ko minti ɗaya ba. Daga nan mafi yawan lokacin da muke nema zai fito. A ganina awa huɗu zuwa shida a mako sun ishi wanda bai kai shekarar ƙarshe ba, ɗan ajin ƙarshe kuwa ya tsaya a biyu ko uku. Motsa jiki ba ya cikin wannan lissafi, nasa daban ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 5 zuwa 17 yana bukatar kimanin minti 60 na motsa jiki a kullum, irin wanda zai sa numfashi ya ƙaru, kuma tafiyar ƙafa da sauri ko tuƙa keke zuwa makaranta duk suna shiga ciki.

Mataki na 2: San abin da kake nema kafin ka rubuta sunanka

Yawancin ɗalibai abokai suke bi zuwa kulob. Ba laifi ba ne, amma ranar da abokin ya daina zuwa, kai ma ka daina ke nan. Kafin ka rubuta sunanka a ko'ina, amsa wa kanka tambaya uku a rubuce. Wane abu ne nake yi har lokaci ya wuce ban sani ba? Wane abu ne nake tsoro, alhali na san zan buƙace shi nan gaba? Wace matsala ce nake gani kullum a makaranta ko a unguwa, take damuna? Amsar farko za ta nuna maka inda za ka zurfafa, ta biyu inda za ka horar da kanka, ta uku kuma inda za ka yi wa mutane hidima.

In kana son sikelin da za ka auna zaɓinka da shi, ari na lambar yabon Duke of Edinburgh, wadda Yarima Philip na Birtaniya ya kafa a 1956 tare da malamin nan Bajamushe Kurt Hahn, yanzu kuma ake yinta a ƙasashe fiye da 100. Tana karɓar matasa daga shekara 14 zuwa 24, ta raba aikinsu gida huɗu: aikin sa kai, motsa jiki, koyon wata fasaha, da tafiyar juriya cikin ƙaramar tawaga. Matakin tagulla yana ɗaukar aƙalla wata 6, tafiyarsa kwana biyu ce da dare ɗaya a waje. Wanda ya shiga matakin azurfa kai tsaye zai yi aƙalla wata 12, na zinare kuma wata 18, da tafiyar kwana huɗu. Ko da makarantarku ba ta cikin shirin, lura da hikimar da ke cikinsa. Kimanin awa ɗaya a mako ake nema a kowane sashe ban da tafiyar, amma ba a yarda ka tara awannin ka yi su cikin hutu ɗaya ba. Yau da gobe ake aunawa.

Mataki na 3: Dubi hanyoyin da ke gabanka da kyau

Muhawara ce na fi tura ɗalibai gare ta, har da masu jin kunyar magana, ko ma in ce musamman su. Tsarin da ya yaɗu a makarantun ƙasashe da yawa shi ne na gasar muhawara ta makarantun duniya, wadda aka fara a Ostireliya a 1988. Mutum uku ne a kowane ɓangare, masu goyon bayan ƙudiri da masu suka. Kowane mai magana yana da minti 8, a ƙarshe kowane ɓangare ya samu minti 4 na naɗe tabarma. Bayan minti na farko har zuwa kafin na ƙarshe, abokin hamayya yana iya miƙewa ya nemi jefa gajeriyar tambaya, kai kuma ka karɓa ko ka ƙi. Alƙalai suna ba da kashi 40 na maki ga ƙarfin hujja, 40 ga salon magana, 20 ga dabarar tsara jawabi da gane inda gardamar take. Wasu ƙudirorin akan ba da su tun da wuri, wasu kuma sai saura awa ɗaya, ba malami, ba intanet.

Abin da ya sa nake ƙaunar wannan tsari shi ne ba kai ke zaɓar ɓangarenka ba. Yau za a ce ka kare ra'ayin da kake ganin kuskure ne, dole ka zauna ka nemo mafi ƙarfin hujjar masu shi. Yaron da ya yi haka sau goma ba ya ƙara ɗaukar duk wanda ya saɓa masa a matsayin wawa. Kuma za ka iya farawa yau a ɗakinka. Zaɓi ƙudiri, misali "A hana amfani da waya a makarantu." Rubuta hujja uku, kowacce da ƙafa uku: abin da kake iƙirari, dalilin da ya sa haka yake, sai misalin da ke tabbatar da shi. Naɗi muryarka minti uku, ka saurara, ka ƙirga sau nawa ka yi inda-inda. Gobe ka koma ɗaya ɓangaren. Ga mai sha'awar harkokin ƙasashe akwai ƙanwar muhawara, wato kwaikwayon zaman Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ake ba ɗalibi wata ƙasa ya wakilta, ya karanci matsayinta, ya nemi ƙawaye, a rubuta ƙuduri tare.

Mai son lissafi ko kimiyya kuwa ya dubi gasannin Olimfiyad. Ta lissafi ce babbar yaya, an fara ta a Romaniya a 1959 da ƙasashe bakwai, yanzu sun haura 100. Kowace ƙasa tana tura ɗalibai da ba su wuce shida ba. Tambayoyi shida ne kacal cikin kwana biyu, uku a kowace rana, a ba ka awa huɗu da rabi, kowace tambaya maki 7, jimla 42, kuma ba a shiga da na'urar lissafi. Ta fiziks ta biyo baya a 1967, ta kimiyyar sinadarai a 1968, ta kwamfuta a 1989, ta kimiyyar halittu a 1990. Marigayiya Maryam Mirzakhani 'yar ƙasar Iran ta ci zinare a gasar lissafi a 1994 da 1995, karo na biyun ba ta faɗi ko maki ɗaya ba, a 2014 kuma ta zama mace ta farko da ta samu lambar Fields, ɗaya daga mafi girman lambobin yabo a fagen lissafi.

Mutum shida a ƙasa guda ba su da yawa, don haka kada ka shiga wannan hanya don tikitin jirgi. Ribar tana cikin irin tunanin da take koyarwa. A aji akan ce ka nemo amsa, a nan kuwa cewa ake yi ka tabbatar. Gwada wannan: nuna cewa in ka ninka kowaɗanne lambobi uku da ke jere, 6 za ta raba sakamakon ba saura. Gwada 2, 3, 4 ka samu 24 bai isa hujja ba. Hujjar ita ce cikin lambobi uku a jere dole akwai wadda 2 ke rabawa, dole kuma akwai wadda 3 ke rabawa, saboda haka 6 za ta raba abin da suka haifar. In ka ji daɗi a ranka da wannan ta faɗo maka, to hanyarka ce. Tsofaffin tambayoyin gasar suna nan kyauta a intanet, amma fara da na matakin makarantu da na ƙasa. Ka zauna da tambaya ɗaya aƙalla minti 30 kafin ka leƙa amsa, in ka leƙa kuma, layi ɗaya ka karanta ka rufe, ka ci gaba da kanka.

Taimakon gaggawa shi ne abin da nake fata kowane ɗalibi ya koya, ko mene ne sauran zaɓinsa. Ƙungiyar Red Cross ta samo asali ne daga abin da Henry Dunant ya gani bayan yaƙin Solferino a arewacin Italiya a 1859, inda aka bar dubban masu rauni ba mai kula da su. A 1863 aka kafa kwamitinta a birnin Janiba na ƙasar Switzerland, yau kuma ita da takwararta Red Crescent suna da rassa a kusan kowace ƙasa, da yawansu da sashen matasa. 'Yan sikawut, waɗanda Robert Baden-Powell ya fara da sansanin gwaji a tsibirin Brownsea a 1907, su ma suna koyar da shi. A horo na kwana ɗaya ko biyu za ka koyi cewa mai haɓo gaba ake sunkuyar da kansa a matse tattausan wurin hanci, ba a ɗaga kan baya. Za ka koyi cewa ƙuna ana sanyaya ta da ruwa mai gudu na minti 20, kuma babban mutumin da zuciyarsa ta tsaya ana danna tsakiyar ƙirjinsa sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, dannawa 30 sai hura numfashi biyu. Karanta wannan bai mai da kai mai ceto ba. Sai ka sa hannu a kan mutum-mutumin horo a gaban ƙwararre.

A aikin sa kai, na fi ganin amfanin wanda ake maimaitawa ga mutane ɗaya. Koyar da 'yan ƙananan ajujuwa karatu ko lissafi duk mako ya fi sharar rana ɗaya da aka ɗauki hoto aka watse. Kuma wanda ya koyar da darasi ya fi kowa riƙe shi.

Rubuta manhajar kwamfuta ba ta buƙatar tsadadden kayan aiki. Scratch, wanda jami'ar MIT ta fitar a 2007, yana koyar da tushen abin ta hanyar jera tubala a allo. Daga nan sai Python, harshen da Guido van Rossum ya fitar a 1991, mai sauƙin karantawa ga sabon shiga. Darasin CS50 na jami'ar Harvard yana nan kyauta ga mai juriya. Tarkon da ke nan shi ne kallon bidiyon darasi ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka gina komai ba. Bayan mako huɗu ka tsayar da kallo, ka rubuta wani ɗan abu naka, ko da mai lissafa matsakaicin makin aji ne.

Ɗinki, kafinta, gyaran lantarki, lambu, zane, kiɗa, wasan kwaikwayo, jaridar makaranta, ƙwallo da guje-guje, duk ayyukan ƙarin ilimi ne cikakku, kada wani ya raina maka su. Wanda ya ɗinka riga tun daga awo har maɓalli ya koyi haƙuri da gyara kuskure fiye da wanda ya zauna shekara biyu a kulob bai taɓa buɗe baki ba.

Na bar aikin kai da kai a ƙarshe don shi ne mafi wuya, kuma mafi daraja a idona. William Kamkwamba ɗan ƙasar Malawi ya bar makaranta yana ɗan shekara 14 saboda yunwar da aka yi a ƙasarsu ta hana iyayensa biyan kuɗin makaranta. A wani ƙaramin laburare ya ga hoton injin da iska ke juyawa, ya tattara tsohon keke da farfelar tarakta da bututun roba da itatuwa, ya gina nasa har ya kunna fitila a gidansu. A 2014 ya kammala digiri a kwalejin Dartmouth ta Amurka. Ba kulob ya shiga ba, tambaya ce ta kama shi ya bi ta. Wasu tsare-tsaren karatu sun mai da irin wannan aiki wajibi: a shirin International Baccalaureate, wanda aka kafa a Janiba a 1968, kowane ɗalibin difloma yana rubuta bincikensa na kansa da bai wuce kalma 4,000 ba. Kai ma za ka iya. Sirrin shi ne ƙanƙanta tambayar. "Sauyin yanayi" ya fi ƙarfinka. "Wane ɓangare na harabar makarantarmu ya fi zafi da rana, kuma inuwar bishiya tana rage zafin da digiri nawa?" wannan kuwa ma'aunin zafi ɗaya da littafi da wata biyu sun isa.

Mataki na 4: Gwaji na mako shida

Zaɓi abu uku daga cikin waɗannan, ka ba kowanne mako shida kana zuwa ba fashi. Mako biyun farko ba sa nuna gaskiya, ko ɗokin sabon abu ya ruɗe ka, ko baƙunta ta sa ka ji ba wurinka ba ne. A ƙarshen na shida ka tambayi kanka: na iya wani abu da ban iya ba a da? Akwai wanda ya fi ni a wurin, da zan koya daga gare shi? Ina tuna abin ko a ranar da ba a haɗuwa? Aikin da amsar waɗannan tambayoyi a kansa ta zama a'a, ka je ka sallami mai kula da shi da bakinka, cikin ladabi. Kada ka sulale.

Mataki na 5: In babu, kafa

Makarantu da yawa ba su da komai sai suna a takarda. In haka taku take, ka samu dama ke nan. Fara da mutane, kada ka fara da suna ko tambari. Nemo abokai huɗu ko biyar da suka yarda za su zo sau shida a jere. Sai ku nemi malami ɗaya da zai zama uban ƙungiya, ku kuma faɗa masa ainihin abin da kuke so daga gare shi, misali ya zauna da ku awa ɗaya a mako ya sa hannu a takardunku. Malamai suna da nauyi a kansu, sun fi amsa roƙon da aka yi wa iyaka.

Daga nan ku rubuta wa shugaban makaranta takarda shafi ɗaya: abin da za ku yi, rana da lokaci, ɗakin da kuke so, sunan malamin da ya yarda, da abin da za ku nuna a ƙarshen zango. Kada ku nemi kuɗi a takardar farko. Ku tsara zama shida na farko tun kafin a fara, kowanne da wanda zai jagorance shi, domin abin da ke kashe sabon kulob shi ne a taru a zauna ana kallon juna. Muƙamai uku sun isa, shugaba da sakatare da ma'aji in akwai abin ajiyewa. Na ga ƙungiyoyin da suka ƙare zango guda suna rabon muƙamai, ba su yi aiki ko ɗaya ba. Ku sa ranar wani abu da jama'a za su gani, muhawara a gaban makaranta, ko baje kolin gwaje-gwaje, ko fitowar jarida ta farko, ku sanar da ita tun da wuri yadda ba halin ja da baya. Ku kuma jawo 'yan ajin da ke bayanku tun ranar farko, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma su ne za su gaje ku.

Mataki na 6: Yi atisaye irin wanda ke ƙara iyawa

Zuwa kullum daban, ƙwarewa daban. A 1993 masanin halayyar ɗan Adam Anders Ericsson da abokan aikinsa suka wallafa bincike kan ɗaliban goge a wata makarantar kiɗa ta birnin Balin na Jamus, suka ga waɗanda suka fi ƙwarewa sun tara awanni masu yawa na atisayen kaɗaici wanda aka tsara don gyara rauni. Darasin da za ka ɗauka shi ne ka ware wurin da kake kuskure, ka maimaita shi shi kaɗai, ka samu wanda zai faɗa maka gaskiya. Mai muhawara da tambayar bazata ke rikitawa ya sa abokai su yi ta jefo masa tambayoyi na minti goma. Ɗan ƙwallon da ƙafar hagunsa ba ta aiki ya ba ta kwata na awa kullum. Bayan kowace gasa ka je wurin alƙali ko koci ka ce, "Malam, wane abu ɗaya zan gyara kafin karo na gaba?" Abu ɗaya ka roƙa, shi za ka iya riƙewa.

Mataki na 7: Buɗe littafin aiki tun yau

Wannan mataki ne ɗalibai suka fi rainawa, shi ne kuma suka fi nadamar bari. Samu ƙaramin littafi. Bayan kowane zama rubuta kwanan wata, awa nawa, me ka yi, me ya ba ka wuya, layi uku ko huɗu. Ajiye hoton abin da ka ƙera, da kwafin jawabinka, da takardun shaida, da sunan babban da ya ga aikin da idonsa. A ƙarshen kowane zango ka roƙe shi ya sa hannu. Bayan shekara biyu, lokacin da za ka nemi wasiƙar shaida, malamin ba zai tuna komai dalla-dalla ba, littafin ne zai tuna masa.

Masu tantancewa ba su da lokacin dogon labari. Fom ɗin Common Application da ɗaruruwan jami'o'in Amurka ke amfani da shi yana ba da gurbin ayyuka goma ne kawai, bayanin kowanne kuma harafi 150. A Birtaniya bayanin kai da ake turawa ta UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hannunta, bai wuce harafi 4,000 ba, kuma sun fi son jin abin da ya shafi fannin da kake nema. Saboda haka koyi faɗin aiki da adadi da sakamako. "Mamba a kulob ɗin lissafi" bai faɗi komai ba. Kwatanta shi da irin wannan: "Na koyar da 'yan ƙaramin aji 12 lissafi duk mako har zango uku, na haɗa musu takardun gwaji 20." Kada ka ƙara gishiri ko kaɗan. Tambaya biyu a wurin ganawa sun isa su tona wanda ya yi ƙari.

Mataki na 8: Iyaye, tsaro da kuɗi

Iyayen da suka hana ɗansu zama bayan an tashi ba ƙin ci gabansa suke yi ba. Tsoro suke ji, na faɗuwa jarrabawa, da miyagun abokai, da dawowar dare, kuma tsoron yana da tushe. Je musu da takardar lissafin lokacinka ta mataki na farko. Faɗa musu wurin, da lokacin tashi, da sunan malamin da ke kula, in da hali ka haɗa su da shi. Ka kuma yi alkawari da bakinka cewa in makinka ya sauka a ƙarshen zango za ka rage.

Ga iyaye da malamai kuma, ku tambayi wane babba ne ke tare da yaran, ku tabbata ba a barin babba ɗaya da yaro ɗaya a keɓe, kuma duk tafiya ta kwana sai da izini a rubuce. Ɗalibi, in wani babba ya fara neman ku haɗu ku kaɗai, ko yana turo maka saƙon da ba za ka so iyayenka su gani ba, faɗa wa wanda ka amince da shi a ranar. Ka kuma yi hattara da saƙonnin da ke cewa an zaɓe ka zuwa wani taron shugabannin matasa ko an ba ka lambar yabo, sai dai ka biya kuɗi. Lambar da ake saya ba ta da nauyi a wurin masu tantancewa. Kafin ka tura ko sisi, nuna wa malami.

Akwai kuma ɗaliban da ba su da awa huɗun nan sam, domin daga makaranta sai renon ƙanne, ko jinyar wani a gida, ko aikin da ke taimaka wa iyali. Ina so su ji wannan da kyau: abin da kuke yi aiki ne, kuma ana lissafa shi. Wani rahoto da makarantar nazarin ilimi ta jami'ar Harvard ta fitar a 2016, wanda jami'an ɗaukar ɗalibai da yawa suka amince da shi, ya nemi a daraja hidimar iyali, a kuma daina fifita yawan ayyuka a kan ingancinsu. Rubuta shi a littafinka kamar kowane aiki, da awanninsa da nauyin da ka ɗauka.

Mataki na 9: Shekarar jarrabawa da miƙa ragama

Taura biyu ba ta taunuwa. Wata uku kafin babbar jarrabawa ka ajiye duk wani muƙami da gasa, ka bar motsa jiki da abu ɗaya mara nauyi da ke sanyaya maka rai. Alamomin cewa ka ɗauka da yawa a bayyane suke: barcinka ya gaza awa takwas dare bayan dare, aikin aji yana taruwa, abin da kake so a da ya koma kamar hukunci. In biyu daga ciki sun haɗu, rage a makon, kada ka jira ƙarshen zango.

Miƙa ragama kuwa a farkon shekarar ƙarshe ake fara shirinta. Zaɓi wanda zai gaje ka daga ajin da ke bayanka, ka bar shi ya jagoranci zama kana wurin, sau uku ko huɗu. Rubuta masa shafi biyu: yadda ake samun ɗaki, wa ake gani don izini, abin da kuka gwada bai yi ba da dalilinsa, da ranakun gasannin shekara. Miƙa masa rajistar mambobi da duk abin da ke hannun ma'aji a gaban uban ƙungiya, a rubuta, kowa ya sa hannu. Ranar da zai jagoranci zamansa na farko shi kaɗai, ka zo, ka zauna a layin baya, kada ka karɓi magana sai in shi ya nema.